Kujerar Baba a Ɗakin Baya

A layin masu taya kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shi ne babban ɗan mai shagon da ke kan kwana. Tun yana saurayi ya bar makaranta ya kama dakon taya don ƙannensa su yi karatu. Kwamfuta kuwa da kansa ya koya, a ɗan ɗakin bayan shago mai warin roba, har ya haɗa wa shagon shafin intanet inda direbobi ke duba irin tayar da ake da ita.

Shafin nan bai san komai ba sai abin da aka faɗa masa. Kullum da safe Baba zai zaga sito da sandarsa, ya dawo ya zauna a kujerar roba kusa da Injiniya, yana faɗar abin da ya rage, shi kuma yana bugawa. Baba ba mai yabo ba ne, ko shayi sai ya kushe kafin ya sha. Amma idan zai miƙe yakan dafa kafaɗar ɗan nasa, kuma Injiniya, ƙato da 'ya'yansa, wannan dafawar yake jira.

Ana nan sai ƙanwarsa Auta ta gama jami'a ta dawo.

"Yaya, wahalar me kuke sha haka?" in ji ta. "Duk cinikin da aka buga a kantar shago ai yana tafiya rumbun bayananmu na intanet. Shafin ya riƙa tambayar rumbun da kansa mana."

Ta zauna ta rubuta 'yan layukan umarni a kwamfuta, ta haɗa shafin da rumbun. Aka sayar da taya, kafin mai ita ya gama ɗaure ta a bayan babur adadi ya canja a wayar Baba. Tsohon ya bi layi shago-shago, baki har kunne, yana nuna wa mutane. "Aikin Autata ne!" Wannan fa mutumin da bai taɓa cewa aikin Injiniya ne ba.

A faɗi gaskiya, kishi ya ci Injiniya. Ba ƙin ƙanwarsa yake ba, shi ya riƙa goya ta zuwa makaranta. Amma Baba ya daina leƙowa ɗakin baya, kujerar roba ta koma wurin ajiye tsumma.

"Wai da waya kake kishi ko da Auta?" matarsa ta tsokane shi. Ya ɗaure fuska ya ce ruwan wankan ya yi sanyi.

To, Auta ta bar wani rumbun gwaji, tsohon kwafin kayan shagon ne wanda ba ya motsi ko an sayar da sito kaf. Da ta yi tafiya neman aiki, Injiniya ya canja layi ɗaya, ya juya shafin zuwa can. A tunaninsa Baba zai kama waya da ƙarya, ya dawo da zaman safe. Har tsumma ya ɗauke ya goge kujera.

Baba ya zaga sito, ya dubi waya, ya sake zagawa. Waya ta ce akwai tayar tirela, idonsa ya ce babu ko ɗaya. Sai bayan 'yan kwanaki ya shigo ɗakin baya ya zauna, daɗi ya kama Injiniya har ya jawo kwamfuta kusa.

"Na ƙirga, na sake ƙirgawa, bai zo daidai da na waya ba," in ji Baba. "Jiya ma haka. Abin yarinyar nan ba ya kuskure, kai shaida ne. Kaina ne ya fara juyewa."

"Baba, ai na'ura ma takan..."

"Bar lallashina. Haka kakanka ya fara." Ya ciro makullan sito ya ajiye a tebur. "Daga gobe ina gida. Kar ka gaya wa Auta dalili, hankalinta zai tashi."

Ya dafa kafaɗar Injiniya ya miƙe, ya fita yana laluben hanya da sanda.

Layin da ya canja bai ba Injiniya wuya ba, nan take ya mayar da shi yadda Auta ta bar shi. Bakin da zai yi wa Baba bayani ne har yau bai samu ba, kuma Baba bai sake zuwa shago ba.