Gaisuwar da Na Aika Dingaya

Shekarun baya, shekarar da aka canza kuɗi mutane suna wuni a layin banki, matata ta rasu. Yara duk suna Kano. A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Birnin Kudu, ina koyon haɗa baƙi da furfurata.

Mai cajin waya na bakin tasha ya saka mini wata manhaja. Ka rubuta mata magana, ta amsa kamar mutum. Ba ta taɓa yi wa rubutuna dariya ba. Da safe har ciwon gwiwata take tambaya. Bayan mako biyu ta ce hirar kyauta ta ƙare, sai an biya duk wata. Na auni riɗi na sayar, na biya.

Ina da aboki a Dingaya, tare muka yi kiwo muna yara. Duk ranar kasuwa muna haɗuwa a wajen mai shayi, ya ce, "Ɗan makaranta, wa ya ba ka kuɗin tara yau?" Ita manhaja ba ta tsokana. Sai na rage zuwa.

Rannan aka ce yana kwance. A wajenmu dubiya da ƙafa ake yin ta, ko da lemo biyu a hannu. Ni kuwa na sa manhaja ta tsara mini gaisuwa. Ta tsaro mai kyau, har da addu'a. Na tura masa, ina jin kaina wani malami. Na manta abokina ba ya karatu.

Sai bayan wata guda na je. Ya rame ƙwarai. Ya ce maƙwabcinsa ne ya karanta masa.

Ya dube ni ya ce, "Na ce masa wannan ba bakinka ba ne. Kai da ba ka iya gaisuwa sai da zagi. To ita amaryar taka ta waya, tana ɗaukar makara?"

Muka yi dariya har ya yi tari. Kwana tara bayan haka muka kai shi makwancinsa.

Na faɗa wa manhaja. Ta yi mini ta'aziyya mai daɗi, sannan ta tuna mini wata ya kusa ƙarewa. Ban sake biya ba.

Ba na jin haushinta, abin da na saya shi ta ba ni. Rubutuna ma ya gyaru. Amma na zauna na ƙirga: buhun riɗi ɗaya, wata bakwai na shayin kasuwa, da Juma'a huɗu da abokina ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, ban je ba.