Kunkurun Baba ya fitar da Mama

Matan zumunta, yau na ga ikon Ubangiji!

Kun san tsohuwar motar marigayi surukina, kunkurun nan da kaji ke kwana ciki. Maigidana ya sa mata injin babbar mota a baya. Yana tayarwa da safe, goshinta ya ɗaga sama don nauyi. Ya ce, "Maman Rifkatu, kawo buhunan cittarki mu danne gaban."

Mama, wadda tun rasuwar Baba ta ƙi fita ko coci, ta leƙo. Ta ce, "Wannan ba muryarta ba ce." Ta daɗe tana shafa ƙofar motar. Can ta ce, "Ɗauko min ɗankwalina."

Har Kagoro muka kai ta sujada, dukanmu muna ƙamshin citta!