Dattijuwa Ta Rasa Direbanta

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda duk unguwa ke kira Safiyo saboda aikin awon filaye da ya yi har ya yi ritaya, mu kuma muke ce masa Baba. Ya cika a ɗakinsa yana da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar ƙoda ta kusan shekara biyu. Ina wurin aiki matata, Auta, ta kira ni. Ba ta iya cewa komai ba sai sunana, ni kuma na gane.

Baba, kunyar surukuta ta hana ni faɗa maka abubuwa da yawa ido da ido. Shekara goma sha tara ina durƙusawa in gaishe ka, ban taɓa buɗe baki na ce na gode yadda ya kamata ba. Yau zan faɗa, ko da ba za ka ji ba.

Ni sana'ata sayar da sababbin motoci. Kai kuma kana da wata koriyar mota wadda ka saya tun kafin a haifi Auta, kana kiran ta Dattijuwa. Sitiyarinta sai ka sa ƙarfi, gilashinta da hannu ake murzawa, hon ɗinta kamar kukan akuyar da aka taka wa ƙafa. Ranar da na fara zuwa gaishe ka a ƙarƙashinta na same ka, ƙafafunka kaɗai ake gani. Da aka faɗa maka sana'ata sai ka turo kai waje, ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "To, Dillali, miƙo min sifana mai lamba goma sha uku." Na miƙo maka filaya. Tun daga ranar sunan Dillali ya bi ni, har 'ya'yana sukan tsokane ni da shi.

Mun sha yin gardama, irin wadda suruki ke iya yi da surukinsa, kai kana faɗa ni ina murmushi. Kakan ce, "Motocinku idan suka yi ciwo sai an ɗauko kwamfuta ta yi musu tafinta. Tawa da bakinta take gaya min abin da ke damun ta." Ni kuma a zuciyata ina cewa sabo ne kawai, turken wawa. Kunya ma nake ji idan abokan sana'ata suka gan ka a titi cikinta. Wani ya taɓa ce min, "Kai da ke raba wa gari motoci, surukinka a cikin gwangwani?" Maganar ta zauna min a rai.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka yi maka aikin yanar ido, ka kwana huɗu a asibiti. Sai na ga dama ta samu da zan yi gwaninta. Ban shawarci kowa ba, har Auta. Na kira janwe ya ja Dattijuwa zuwa wurin masu fasa tsofaffin motoci, na sa aka wanke garejin tas, na ajiye sabuwar farar mota a gurbinta. Ranar da aka sallame ka na riƙo hannunka har ƙofar garejin, na buɗe, ƙirjina cike da alfahari.

Ka tsaya da bandeji a ido ɗaya, ka daɗe kana kallo. Ka shafa motar, ka ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa naka su yi maka fiye da haka." Sannan ka dubi ƙasa, inda tabon baƙin mai ya ƙi wankuwa, ka tambaya a hankali, "Ita kuma fa?"

Na ce, "Baba, ai na hutar da ku. Masu ƙarfe sun ɗauke ta."

Ka ce, "To." Ka shiga gida.

Wannan "to" ɗin ta fi min mari zafi, amma ban gane haka ba sai da muka koma gida Auta ta fashe da kuka. Ita ta gaya min abin da ban taɓa tambaya ba. Rigunan kujerun motar marigayiya mahaifiyarta ce ta ɗinka su a kan kekenta, a shekarar da ta rasu, tana ɗinki tana hutawa saboda ciwo. A kujerar baya akwai ɗan tabon ƙuna inda dutsen guga ya taɓa, kuma duk lokacin da ka wanke motar a nan hannunka ke tsayawa. Garin neman gira na tsone ido. Na ɗauka ƙarfe na jefar.

Kwana tara ina bin wuraren masu fasa motoci, domin wanda na ba wa ya riga ya tura ta gaba. A cikin kwanakin nan kai ne ka tsaya min. Ka hana 'ya'yanka su yi min faɗa. Babban yayan Auta ya zo a fusace zai tarar da ni, ka ce masa, "Wanda ya yi don ya faranta min rai ba za a ci masa fuska a gidana ba." Amma Auta ta ce abincinka ya ragu, kuma da safe kakan ɗauki tsumman goge mota ka nufi gareji, sai ka tuna, ka mayar da shi kan ƙusa.

A rana ta tara na same ta a wani fili bayan kasuwar ƙarafa, wurin wani da ake kira Mai Guduma. An cire tayoyin, an ɗora ta a kan bulo. Ba ƙofa biyu, ba fitilu, ba lagireto, ba kujerar baya. Na zo na durƙusa a gabanka na faɗa maka. Ban ƙarasa ba ka haƙuri ba ka miƙe ka sa hula, ka ce mu je.

Ba zan manta da yadda ka zagaya ta ba, a cikin rana, kana taɓa ta kamar mai duba majiyyaci. Ka buɗe bonet, ka leƙa, ka ce, "Injin na nan. Da sauran rai." Mai Guduma ya ce kujerar baya wani mai aski ya ɗauka, yana zaunar da masu jiran layi a kanta. Muka je shagon. Ga ta nan a bakin ƙofa, mutum uku a kai. Ka jira aka tashi, ka zauna, ka ɗora tafin hannunka a kan tabon nan. Da layi ya zo kanka ka bari aka yi maka askin da ba ka buƙata, kana ba mai askin labarin wadda ta ɗinka rigar kujerar. Kafin ya gama ya ajiye almakashi, ya kama gefe ɗaya na kujerar da kansa ya ce in kama ɗayan.

A hanyarmu ta dawowa ina ta jiran faɗa. Sai ka ce, "Dillali, har yanzu ba ka san sifana ba?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ka ce, "To, Asabar ka zo da tsohuwar riga."

Iyakar hukuncin da ka yanke min ke nan, kuma shi ne alheri mafi girma da wani ya taɓa yi min. Shekara biyu da wata uku muka yi muna tayar da ita, kowace Asabar daga hantsi zuwa la'asar. Mun bi rumfunan tsofaffin kayan gyara muna neman ƙofa, muka samo ɗaya ja ɗaya ruwan toka, har yaran unguwa suka riƙa ce mata mai rigar aro kafin a yi fenti. Ka koya min kwance kafireta in jera sassanta a kan farin ƙyalle yadda ba zan ɓatar da ko ɗaya ba. Ka koya min gane lafiyar inji daga kalar fulogi. Idan na ɗaure noti da ƙarfi fiye da kima kakan ce, "A hankali, ba faɗa kuke yi ba." Ni da na shekara ashirin ina sayar da motoci, a garejinka na fara sanin abin da nake sayarwa.

A nan ne na gane abin da kake gani a cikinta. Kana buɗe bonet komai na fili, hannu na kai wa ko'ina, ba abin da aka rufe da roba aka ce kada ka taɓa. Idan kana tuƙa ta kai ne ke tuƙi: kana jin titi a tafin hannunka, kana jin lokacin da take son giya tun kafin ta roƙa. Kuma duk inda ka tsaya sai wani dattijo ya matso ya ce mahaifinsa ya taɓa yin irinta, hira ta ɓarke tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Ban taɓa ganin an tsayar da ni a gidan mai don a yi min hirar sabuwar mota ba. Ranar da injin ya tashi, ya yi tari sau uku sannan ya daidaita, ka juya baya kana goge fuska da hannun riga, ka ce hayaƙi ne.

Amma kai ba mutum ne mai taurin kai a kan gaskiya ba. Da kanka ka sa wa Dattijuwa bel a kowace kujera, kuma ba ka taɓa yarda a yi doguwar tafiya da jikokinka a cikinta ba. Kakan ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, amma birkin zamani ya fi nata, kuma ran yaro ba abin gwaji ba ne." Farar motar ma ba ka mayar min da ita ba, don kada in ji kunya. Da ciwo ya kama ka, ita ce ke kai ka wankin ƙoda sau biyu a mako. Wata rana muna dawowa, ka jingina da kujera cikin sanyin na'ura, ka ce, "Dillali, ka faɗa wa mutanenku sun iya tausayin tsoho." Na yi dariya har na kusa wuce kwanarmu.

Alherinka a kan titi kuwa kowa ya shaida. Ba ka wuce motar da ta mutu a gefen hanya, ko kana cikin fararen kaya. A but ɗinka kullum akwai igiya, da galan na ruwa, da fanbel na ajiya wanda ba na motarka ba ne, na wanda za ka tarar ne. Maƙwabciyarka, malamar makarantar nan da mijinta ya rasu ya bar mata mota tana ruɓewa a ƙofar gida, kai ka koya mata tuƙi a filin ƙwallo, tana da shekara hamsin. Ta zo gaisuwa tana kuka, ta ce sau biyu ta hau maka kan ƙafa da taya, kai kuma kana ce mata ta ci gaba, ta kusa iyawa.

Ni ma ka canza min sana'a ba tare da ka yi min wa'azi ba. Yanzu idan mutum ya zo zai rabu da motarsa mai lafiya don kawai ana yi masa dariya, nakan ce ya je ya sake tunani. Wasu sukan tafi ba su dawo ba. Ban taɓa yin nadama ba.

Mako guda kafin rasuwarka na zo gaishe ka, muryarka ta yi ƙasa sosai. Ka sa Auta ta ciro makullin Dattijuwa daga aljihun rigarka da ke rataye, ka danƙa min, ka ce, "Kada ka bar ta a tsaye. Zama shi ke kashe mota." Na ce in Allah ya yarda tare za mu fita da ita idan kun ji sauƙi. Ka yi murmushi kawai.

Kwana biyar bayan mun kai ka makwancinka, da safe, gida cike da masu gaisuwa, na tuna maganarka. Na shiga gareji na murza makulli. Ta yi ƙas, ƙas, ta yi shiru. Wata biyu ba a taɓa ta ba, batir ya sauka. Na kifa kai a kan sitiyari, kukan da na riƙe tun ranar Talata ya ƙwace min. Ban san an ji ni ba, sai na ji motar na motsi. Na ɗaga kai na duba madubi: yayan Auta ne, da malamar makarantar, da Mai Guduma wanda ya ji labari ya zo, da wasu tsofaffin abokan aikinka biyu, ɗaya ya jingine sandarsa a bango, duk sun dafa bayanta. Yayan ya ɗaga murya ya ce, "Dillali, sa ta a giya biyu!" Suka tura ta har bakin titi, na saki kuloci, ta yi tsalle ta kama. Tsofaffin nan suka tsaya suna haki, suna dariya, hawaye na zuba a gemunsu. Na zagaya unguwa sau ɗaya a hankali, mutane na fitowa ƙofar gida suna ɗaga hannu, suna yi maka addu'a.

Baba, na gode. Ka rufa min asiri a ranar da na cancanci tozarci, ka mai da ni ɗa bayan na shigo gidanka a matsayin baƙo.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka, ka yafe masa kamar yadda ya kasance mai yafiya. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya taimaka wa a kan hanya, ka sa ladan ya tarar da shi. Ka haɗa shi da matarsa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matata Auta, da yayyenta maza da mata, da ƙanwar marigayi, Gwaggo, wadda yanzu ita ce ta rage mana, da jikoki, da maƙwabta, da duk wanda wannan rashi ya taɓa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu iya riƙe abin da ya bari, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.