Farkawata Bayan An Tsaga Ƙirjina

Shekara ashirin da shida ina koyarwa a firamare, mafi yawansu a Maiyama, kuma duk wanda ya zauna ajina zai shaide ni da abu biyu: ina da murya, kuma ba na yafe mummunan rubutu. In na daka tsawa a aji shida, har 'yan aji ɗaya sai sun nutsu. Gidana yana Jega, gonar albasar da na gada tana Alelu. Tsakanin wuraren nan uku nake yawo a kan babur, ina ganin kaina ƙarfe.

Ciwon a hankali ya zo. Da farko in na tura babur cikin rairayi sai in tsaya ina haki kamar tsohon jaki. Daga baya ƙafafu suka soma kumbura, da yamma takalmi ya ƙi shiga. Na ce sanyin fadama ne. Na sha saiwa, na sha sassaƙe, har Aliero na je wurin wani tsoho mai ɗori da na sani. Ya lallatsa haƙarƙarina, ya ce shi ƙashi ya sani, kuma ƙashina lafiya lau, in tafi asibiti. Likitoci suka yi ta miƙa ni daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, har aka gano wata 'yar ƙofa ce cikin zuciyata ta lalace, ba ta rufuwa da kyau, jini na komawa baya. Maganin guda ne: a tsaga ƙirji, a cire ta, a sa ta ƙarfe. A wani babban asibiti a Abuja za a yi.

A gaban mutane cewa nake ai ba komai, rai na Allah ne. A cikina kuwa na riga na binne kaina. Na bi dangi gida-gida ina neman gafara, har waɗanda ban taɓa yi wa komai ba. Na je Gehuru wurin yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, na durƙusa na faɗa mata cewa ni ne na shanye furar babanmu a shekarar da aka yi mata duka a kai. Ta ce ta sani, ai da gari a haɓata na fito daga ɗakin, ta dai rufa min asiri ne. Ta kuma ce in tashi in daina ɓata mata tabarma da hawaye, da ita za a tafi Abuja.

Haka muka tafi mu uku, ni da maiɗakina da Yaya. Da safen da za a yi aikin aka aske min ƙirji, aka karɓe hulata, aka gangara da ni a kan gado mai taya. Na shirya wa maiɗakina wasu kalmomi masu nauyi, amma da muka iso ƙofar da ba a bari kowa ya wuce, abin da ya fito bakina shi ne a riƙa duba albasar da ke cikin rudu, rumbun ajiyarta, kada ta ruɓe. A ciki wani likita ya ɗora min wata roba a hanci, ya ce in ja numfashi. Na yi kalmar shahada. Ina cikin tunanin ko in maimaita, shi ke nan.

Ban yi mafarki ba, ban ga kowa ba. Abin da na fara sani shi ne sanyi, sai wata ƙara, tit, tit, tit, irin ta babbar mota in tana ja da baya a kasuwar albasa ta Aliero. Na yi niyyar in matsa gefe kada ta take ni, jiki ya ƙi. Na buɗe ido da ƙyar, na ga fari ta ko'ina. Hannuwana a ɗaure. Bakina a cike da wani abu har maƙogwaro. An lulluɓe ni da farin ƙyalle zuwa wuya.

Ni da na sha wanke gawa a unguwarmu, ban buƙaci a yi min bayani ba. Na ce to, ta faru. Sai dai in zan faɗi gaskiya, abin da ya fara damuna ba hisabi ba ne. Na kasa kunne ne in ji kuka, ban ji ba. Ko shessheƙa babu. Duk yawon neman gafarar nan da na yi, duk yaran da na koyar, a ce ba wanda zai ɗan ɗaga murya? Raina ya ɓaci ƙwarai, ina kwance ina lissafa waɗanda ya kamata a ce suna nan.

Sai wata fuska ta sunkuyo kaina, rabinta a rufe da shuɗin ƙyalle, ido kawai nake gani. Muryar mace ce, da Hausar wanda ya koya a kasuwa.

"Baba, aiki ya gama," in ji ta.

Na ce a raina, ai na sani.

Ta sa yatsunta cikin tafina, ta ce in matse in ina jin ta. Na matse. Ta juya ta gaya wa wani da Turanci cewa na farka. A nan hankalina ya soma dawowa guntu-guntu. Na ga ledojin ruwa a rataye, na ga allon da ke zana layi yana ƙarar nan da na ɗauka mota ce. Na gane nas ce, kuma ɗakin nan shi ne wanda aka ce za a kai ni bayan aiki, inda ake tsare marasa lafiya ido da ido. Ban mutu ba. Na so in yi hamdala da ƙarfi, sai robar da ke maƙogwarona ta shaƙe ni, na soma kokawa da ita. Nas ta dafa kafaɗata, ta ce na'ura ce ke taya ni numfashi, in bi ta kada in yi gardama da ita. Hannuwan kuwa an ɗaure su ne don kada in fizge robar cikin maye. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan lokacin ba. Iska na shiga ƙirjina ba da izinina ba, tana fita ba da izinina ba.

Bayan azahar aka bar su Yaya su shigo na ɗan lokaci, an sa musu riguna da huluna na asibiti a kan lulluɓinsu. Yaya ta tsaya ta ƙare min kallo tun daga kai har ƙafa.

"To Auta," ta ce, "shekara hamsin ban taɓa ganin bakinka ruhe ba sai yau."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Maiɗakina ta matso. A gaban Yaya ba za ta kama hannuna ba, sai ta tsaya a ƙarshen gado ta riƙe babban yatsan ƙafata ta cikin mayafi, ta ƙi saki. Kukan da nake nema ɗazu ga shi ya samu, kuma sai na ji ba na son sa ko kaɗan.

Na yi ta motsa hannu har nas ta gane, ta kwance min na dama, ta kawo takarda da biro. Nufina in rubuta musu: Alhamdu lillahi, ku kwantar da hankalinku. Na rubuta a nutse, a ganina, kamar a kan allo. Maiɗakina ta karɓa ta duba, ta juya takardar sama ta koma ƙasa, ta sake dubawa. Yaya da ba ta yi boko ba ta leƙa ta ce wannan ai sawun kaji ne a kan shanya. Da wani ɗalibina ne ya kawo min irin wannan, da ya share filin makaranta. A ƙarshe nas ta karɓa, ta ce ta san abin da nake nufi, duk wanda ya farka a gadon nan abu ɗaya yake rubutawa, ruwa. Na yi niyyar girgiza kai, sai na tuna harshena ya bushe kamar ƙirgi, na gyaɗa.

Ba a ba ni ba. Sai da la'asar likita ya zo ya duba allon, ya ce za a iya cire robar. Aka ɗaga kan gadon, aka ce in yi tari da ƙarfi, aka zare ta. Ji na yi kamar an jawo igiyar guga daga cikina. Na yi ta kakari, hawaye na zuba, kowa ya yi shiru ana jiran a ji ko murya ta dawo. A daidai lokacin ne mayafin ya ɗan zame, na ji iskar ɗakin a inda bai kamata ba, na gane ban da wata riga mai buɗaɗɗen baya babu komai a jikina. Maganata ta farko bayan an tsayar da zuciyata an sake tayar da ita, da wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya, ita ce:

"Ina wandona?"

Likita ya ce wa nas ta rubuta cewa ƙwaƙwalwa lafiya lau.

Ruwan da aka ba ni auduga ce aka tsoma aka shafa min a leɓe. Na tsotse ta har sai da nas ta ƙwace. Daga baya aka koma cokali, ɗaya, a jira, sannan ɗaya. Na roƙe ta, na yi mata wa'azi a kan ladan shayar da mai ƙishirwa, na gaya mata na haife ta. Ta ce ta ji, Baba, saura rabin awa. Wannan Baban ma ya tsaya min a rai, don a lokacin ban ɗauki kaina tsoho ba.

Washegari aka fara abin da na ɗauka mugunta ce. Ƙirjin da aka tsaga jiya aka ɗaure ƙashinsa da waya, wai shi za a yi tari da shi. Aka ba ni matashi in rungume. Na yi tarin farko, na ga taurari da rana tsaka. Sannan nas ta kawo wani abin wasa na roba mai ƙwallaye uku, ta ce in zuƙi iska har su tashi sama, don huhu ya buɗe. Na zuƙa iya ƙarfina, ɗaya ta ɗan yi tsalle ta koma. A gadon da ke kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar firit da aka yi wa irin aikina kwana ɗaya kafin ni. Ta dube ni, ta ɗauki nata, ta tashi biyu ta riƙe su a sama, ta ajiye. Nas ta ce in ƙara ƙoƙari. Kalmomin nan na rubuta su a katin sakamakon yara ba adadi, ban taɓa sanin haka suke da ɗaci ba.

Salla kuwa, maiɗakina ta samo min ɗan dutse na yi taimama, na yi a kwance da ishara, na rama waɗanda suka wuce ni. Da yamma aka zaunar da ni a kujera, robobi biyu na fita daga ƙasan ƙirjina zuwa cikin kwalabe. Daga gado zuwa kujerar taku uku ne, na yi zufa kamar na yi huɗa.

A kwana na biyu, da aka rage na'urorin da ke kaina, na soma jin wani agogo. Ƙas, ƙas, ƙas, ba hutawa. Na duba bango babu, na duba hannun nas babu. Da likita ya zo zagaye na kai ƙara, na ce a taimaka a fitar da agogon nan, yana hana ni sakewa. Ya yi murmushi, ya cire abin sauraronsa ya sa min a kunne, ya ɗora ɗaya bakin abin a ƙirjina. Ga shi nan, a cikina. Ya ce sabuwar ƙofar ce ke buɗewa tana rufewa, haka zan riƙa jin ta muddin rai, kuma kullum sai na sha ƙwayar da ke hana jini daskarewa a kanta. Na daɗe ina saurare. Na roƙe shi ya bar maiɗakina ita ma ta ji. Ta saurara, ta cire, ta ce Allah mun gode, ta fita waje da sauri.

A rana ta uku aka mai da ni ɗakin sauran marasa lafiya, bayan mako biyu muka kamo hanyar gida, ina rungume da matashi a duk ramin da mota ta faɗa. A Jega 'yan dubiya suka cika zaure. Labarin agogo ya riga ni isowa, saboda Yaya ta yi waya. Dattawa masu furfura suna gaisuwa, su yi jim, sannan su ce ko za a ɗan yi shiru. Sai a yi tsit, kowa ya miƙo wuya. Wani daga Gumbin Kure ya tambaya ko ana sa masa batir.

Da na samu ƙarfin zuwa masallacin unguwa, na tsaya a sahu kusa da wani tsohon mahauci, maƙwabcinmu. Sallar azahar ce, liman na karatu a ɓoye, masallaci shiru. Ina jin tsohon yana ta gyara tsayuwa. Da aka sallame ya kama hannuna na hagu ya duba, ya kama na dama ya duba. Na nuna masa ƙirjina. Ya ce lalle ya ji labari, amma bai ɗauka abin har cikin salla yake bin mutum ba, in taimaka gobe in koma can ƙarshen sahu, na sa ya rasa ko raka'a ta nawa ake.

Washegari na ɗan makara. Ina shiga na nufi ƙarshen sahu kamar yadda ya ce, sai na ga yana yafito ni da hannu, ya matsa ya bar min wuri a gefensa. Bayan salla na tambaye shi abin da ya sauya. Ya ce ya gwada tsayawa kusa da mai shagon bakin hanya, shi kuma tari gare shi, gara ni.