Yadda Dankali Ya Kai Kawu Sale Kumasi

Duk wanda ya zauna a Anguwan Rogo ya san Kawu Sale ba ya cewa "ina kwana". Da ya fito daga masallaci, rediyo manne a kunne, sai ya tsare ka: "Nawa ta kwana?" Naira yake nufi, a gaban dala. In ka ce ba ka sani ba, ya dube ka kamar ka manta sunan mahaifinka. Mutumin nan fa dillalin dankalin turawa ne a kasuwar Farin Gada, kuma har ya koma ga Allah dala ba ta taɓa shiga aljihunsa ba.

Ƙanin mahaifiyata ne. Babbar yayarsu, Inna Asabe, ita ta goye shi, kafin aure ya kai ta Kumasi, a ƙasar Gana. Sau ɗaya tak ya je ganin ta, ya dawo da labarin da muka haddace don dole.

"Na ware kuɗin yadi. Naira ta koma sefa a hanya, sefa ta koma sidi, kuɗin Gana. Ban samu yadin ba. Sidi ta koma sefa, sefa ta koma naira. Jama'a, ban sayi komai ba, amma kuɗina suka dawo a rame kamar sun yi jinya!"

Ranar ya rantse ba zai ƙara miƙa wa ɗan canji ko kwabo ba. Ma'anar rantsuwar kuwa, shi da Kumasi sai a wasiƙa.

Sai ga labari a rediyo, farkon shekarun dubu biyu, cewa ƙasashen Afirka ta Yamma za su yi kuɗin bai-ɗaya, har da Najeriya da Gana. Kai, Kawu ya yi murna! Ya ɗinka sabuwar riga, ya shirya akwati, ya aika wa Inna cewa yana tafe. Aka ɗaga ranar. Ya sauke akwati. Aka sa wata, ya sake shiryawa, aka sake ɗagawa.

Matarsa, Anti Larai, ta ce, "Malam, akwatin nan ya fi ka tafiya. Daga saman kabad zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama."

"Ba ki gane ba. Sai kowace ƙasa ta rage hauhawar farashi tukuna."

"To fara da naka dankalin."

Bai kula ta ba har kwana biyu.

Da Gana ta yanke sifiri huɗu daga kuɗinta, sai ya tara mu a teburin mai shayi ya yi mana bayani, cokali a hannu. Wani direba ya ce, "Oga Sale, yanzu mutanen Gana sun talauce ke nan?" Kawu ya ce, "In an yi maka aski, nauyinka ya ragu ne? To zauna ka sha shayinka."

Muna ta dariya a shekarun nan, mun manta Inna tsufa take yi. Wata Laraba ɗanta ya bugo waya: jiki ya yi tsanani, kuma ba ta da magana sai ta Sale.

Mahaifiyata ta same shi a zaure. "Ka yi kaffara ka tafi. Ko kuma ni in canza maka kuɗin."

"Yaya, in kin canza ni na canza. Allah ba a yi masa wayo."

Sai ya miƙe ya nufi Farin Gada. Washegari sai ga shi a tasha da sabuwar riga, akwati, da buhunan dankali uku.

Naira ta kai shi bakin iyaka. Daga nan dankali ya karɓi aiki. Direban Kwatano ya karɓi rabin buhu. Mai abinci a Lome ta taya, suka daidaita a kan manya shida. Wani direba ya ce dankalin ƙanana ne, Kawu ya ce, "Kar ka karya min darajar kuɗi a gaban jama'a!" Kwana uku yana hanya. Ya isa gidan Inna da ɗan dankalin da ya rage a ƙulle cikin hularsa.

Ɗanta ya ba mu labari, wai ta buɗe ido ta daɗe tana kallon sa.

"Sale, shekara ashirin, tsarabar ke nan?"

"Yaya, wannan canji ne ya rage."

Ta yi dariya har da tari. Ta sa aka dafa mata, ta ci biyu, ita da ta kwana uku ba ta karɓi komai ba. Mako biyu ya yi a gefen gadonta, a hannunsa ta cika. Da goro ya biya kuɗin motar dawowa.

Bai ƙara ɗora akwati a saman kabad ba, bai kuma ga kuɗin da ya jira ba. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya jiƙan Inna Asabe, Ya haɗa su a gidan da ƙani ba ya tsallake iyaka kafin ya ga yayarsa. Amin.