Kalmar Da Na Kankare A Littafin Hammadi

Samarin yanzu kuna cikin daula ba ku sani ba. Yau yaro zai shiga zauren malami a Bakori ko Malumfashi ya nemi aron littafi a miƙo masa, domin takarda ta yawaita a kasuwanni. A ƙuruciyata mutum kan sayar da saniya kafin ya mallaki littafi guda, in ya samu kuwa sai ya rataye shi cikin gafaka inda gara ba ta kai. Kun tambaye ni littattafan da ke da daɗin karantawa bayan an tashi daga darasi. Zan faɗa muku, amma ku fara sanin wanda kuke tambaya.

Ni ɗan fatake ne. Na bi ayari zuwa Barno da Nufe da Gwanja da Agadas, na ji Barbarci da Fillanci da Larabci, na kuma koyi rubutu mai kyau. Ko'ina na sauka akan ba ni littafi in kwafa. Kun san littafinmu ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne a jere. Abin da ke riƙe da jerin kalma ɗaya ce da marubuci kan sa a gindin kowace warƙa, wadda ita ce farkon ta gaba.

Ɓarnata ta fara da warƙa guda. A Nufe na ga wata mai zane ja da rawaya, na zare, mai littafin bai lura ba. Wani mahauci ya gan ta a hannuna ya ce, “Malam, wannan asiri ne?” Na ce asiri ne. Ya saya ya ɗinke ta laya. Daga nan na mai da abin sana'a. In an ba ni aro sai in zare tsakiya, in kankare kalmar gindin da wuƙa, in rubuta wata wadda ta dace da inda aka tashi. Mai duba jeri ba zai ga giɓi ba. Ni kuwa ban taɓa karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe ba. Idona kan kwafi baƙaƙe, zuciyata tana kasuwa.

Wata kaka na sauka a wani ƙauye kusa da Kafur, gidan Malam Sambo, Bafulatanin da ya zauna ya kama noma. Dattijo ne, idonsa ya yi rauni. Ƙanensa Hammadi ya tafi gabas da niyyar hajji, ya rasu a hanya, abin da ya dawo gida gafaka ce kawai da wani ayari ya kawo. A ciki akwai labarin tafiyarsa da ya rubuta da hannunsa. Ya cakuɗa Hausa da Fillanci da Barbarci, da irin rubutun Barno, shi ya sa ba wanda ya iya karanta shi a ƙauyen.

Malam Sambo ya miƙo mini gafakar da hannu biyu ya ce, “Ɗana, Allah ne ya kawo ka. Ka kwafa mana shi da Hausa zalla. Wannan ne kaɗai ya rage mini na yaron nan.”

Na karɓa. Ranar kasuwar Musawa na zare tsakiyar, na sayar wa wani mai shanu, na ce masa asirin Barno ne na kiwo. Na gyara kalmar gindi kamar kullum.

Da na koma ɗaukar kayana, sai na tarar an shimfiɗa tabarmi a masussuka bayan la'asar, ƙauyen duk ya taru. Malam Sambo ya ce ba zai iya jiran kwafi ba, in karanta musu hakanan. Ba hanyar zillewa, na zauna na fara.

Samari, ban san haka littafi yake ba. Hammadi mutum ne mai ban dariya. Ya sayi wani jaki mai taurin kai, ya sa masa suna Yaya, wai domin ya riƙa tuna gida. Da na karanta wurin sai Inna Dije, matar Malam Sambo, ta kwashe da dariya ta ce, “Ka ji ja'iri! Malam, ashe har gabas ka je ba ka faɗa mana ba!” Tsohon yana dariya yana share hawaye yana cewa, “Muryarsa ce, wallahi muryarsa ce.”

Garuruwan da ya bi na san wasunsu, amma shi ya ga abin da ni ban gani ba. Na manta da kaina. Muka kai inda ya shiga wani babban kogi yana riƙe da gora, yana jan Yaya da igiya. Suna tsakiyar ruwa kada ya taso, ya buɗe baki, jakin ya toge. Na yi maza na juya warƙa. Sai ga Hammadi zaune a wata kasuwa yana cin dabino.

Na daka tsawa ban sani ba: “Kai! Wane la'ananne ne ya cire nan?”

Na koma baya na duba gindin warƙar. An rubuta “dabino”, takardar wurin ta yi fari saboda kankara. Hannuna ne. Tawadata ce. Bakina ya furta da kansa, “Ni ne.”

Inna Dije ta ce, “Kai ne me?” Na faɗa musu. Wasu suka miƙe da sandunan sussuka, Malam Sambo ya ɗaga hannu suka tsaya. Abin da ya tambaye ni kawai, “Kafin ka sayar, ka karanta?” Na ce a'a. Ya ce, “Ko layi guda?” Na sunkuyar da kai.

Aka bi mai shanun har rugarsa. Ya riga ya wanke takardun cikin ƙwarya ya ba shanunsa sun sha.

Alƙali ya ce abin da aka ba mutum aro ba a yanke hannu a kansa, cin amana ne. Aka yi mini bulala, aka sa mini mari a ƙafa a gidan yari. Damina ta same ni a can ta wuce. Ba bulalar ce ta fi damuna ba. Kullum ina tsakiyar kogin nan, ina tambayar kaina yadda aka yi. Na tuna littattafan da na farke a ƙasashe, kowanne da mutumin da zai kai tsakiya ya faɗa ramin da na haƙa.

Malam Sambo ne ya roƙa aka sake ni. Ya ce bai yafe ba tukuna, amma ba mai karanta masa sauran. Na zauna ina yi masa noma, ina kwafa abin da ya rage. Na ce ko in ƙirƙiro tsakiyar in cike? Ya ce, “Ka sa wa mamaci magana a baki? Bar wurin fari.”

To ga amsar tambayarku. Na farko littafin Hammadi, kwafinsa na wurina, duk mai so ya zo. Ko da raminsa ban ga kamarsa ba daga Gwanja har Barno. Akwai wata waƙar Fillanci a Bakori wadda makiyayi ke kiran shanunsa da sunayensu yana ba kowace haƙuri kan fari, ku nemi mai jin harshen ya karanta muku da ƙarfi. A Malumfashi wani ɗan koli yana da littafin Larabci kan abubuwan mamakin teku. Rabinsa ƙarya ce, amma ƙarya mai daɗi, ku karanta ku yi gardama. Larabawa sun fi mu ƙawata magana, Barebari sun fi mu kyan hannu, amma wajen ba'a ban ga wanda ya kai mutanen ƙasar nan ba. Ku nemi waƙar nan ta ajami da ke zagin manomin da ke barci a kunyar gona, za ku gaskata ni.

Ku karanta har ƙarshe. In an ba ku aro, ku mayar da shi yadda aka ba ku, warƙa bayan warƙa. Kada ku ce guda ɗaya ce, da guda ɗaya na fara.

Malam Sambo ya yafe mini kafin ya rasu. Amma duk lokacin da na karanta masa muka kai bakin kogin, sai ya tsai da ni ya ce, “Kana ganin Yaya ya tsira?” Har ya koma ga Allah ban da amsa, kuma ba mai ita a duniya. Tun daga ranar masussukar nan ban sake raba warƙa da 'yar'uwarta ba.