Farar ƙurar da na ɗauka tsabta ce

Shekarun baya, lokacin da maganar dutsen batir ta cika bakin mutane a Masaka, maigidana ya ajiye tuƙin bas ɗin da yake yi tsakanin Nyanya da Keffi, ya kama aiki a wani wurin haƙar ma'adinai da ke cikin daji, can gaba da Keffi. A takarda litiyam ne sunan abin, mu dai dutsen batir muke ce masa. An ce daga cikinsa ake fitar da abin da ake haɗa batirin waya da na sola da na motocin nan da ba sa shan mai. Shi ba ya shiga rami. A bakin injin niƙa yake tsayawa, inda ake zuba manyan duwatsu su fito tsakuwa da gari a ɗura a buhu. Ran Litinin yake tafiya, ya dawo Juma'a da yamma da jakar kayan wanki a kafaɗa.

Ban taɓa taka wurin ba. Duk abin da na sani game da aikin nan, a bahon wanki na san shi.

Shekarar farko kayansa baƙi ƙirin suke dawowa. Wani ƙaton janareta mai shan dizal ne yake juya injin, shi ne kuma yake juya famfon da ke jawo ruwa daga rafi ana fesa wa dutsen yayin niƙa. To hayaƙi ya haɗu da maiƙo, maiƙo ya haɗu da taɓo, duk su zauna a riga ɗaya. Sai na jiƙa kayan sun kwana, na cuɗa har fatar yatsuna ta saɓule, amma warin dizal yana nan. Na yi mita, ba zan ɓoye ba. Akwai wani takunkumin roba mai nauyi da aka raba musu, shi ma duk mako sai na goge masa baƙi.

Wata Juma'a ya shigo yana murmushi tun daga ƙofa. Ya ajiye jaka ya ce, "Malama mai sakandare, zo ki ji abin da ya fi ƙarfin karatunki."

Haka yake tsokanata, don shi a firamare ya tsaya.

Ya ce masu sayen dutsen a ƙasashen waje sun ce ba sa son kayan da aka haƙo da hayaƙi, tunda abin da za a yi da shi na gyaran iskar duniya ne. Shi ya sa kamfani ya shimfiɗa faifan sola fili guda, aka kashe janareta. Oga ya tara su ya ce daga yau aikinsu ya zama mai tsabta, makamashin ma mai tsabta, su ɗaga kai su yi alfahari.

Na buɗe jakar. Kayan fari fat, kamar wanda ya kwana a injin niƙan masara. Ba maiƙo, ba wari. Na kakkaɓe riga ɗaya, ƙura ta tashi ta bi iska, rigar ta koma kusan yadda take. Wallahi sai da na yi hamdala a fili.

"Taɓon fa, ina ya tafi?" na tambaye shi.

Ya ce sola tana ɗaukar injin niƙa daga hantsi zuwa la'asar, amma ba ta iya haɗawa da babban famfon. Oga ya ce za a ƙaro faifai, kafin nan a ci gaba da niƙa a bushe. Su ma ma'aikatan sun fi son haka, ba santsi, buhu ya fi sauƙin ɗauka. Ruwa kuwa sai ɗan na sha da ake kawowa a tanki.

Abin da ya dame ni a maganar nan ɗaya ne tak, kuma shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Alwala. Na ce, "To Malam, da me kuke alwala?"

Ya ce taimama suke yi. Su dafa hannu a kan garin dutsen nan, su shafi fuska.

Hankalina bai kwanta ba. Ran Asabar na tsaya bayan an tashi daga Islamiyya na tambayi malamarmu, ko taimama ta halatta da garin dutse. Ta ce in dai ruwan bai wadatar ba, kuma garin daga ƙasa ya fito, babu najasa a ciki, to mai tsarki ne, sallarsa ta yi. Gaskiya ta faɗa mini. Abin da na tambaya ta amsa. Na dawo gida da sauƙin zuciya, ina ganin na sauke nauyin da ke kaina a matsayin matarsa.

Bayan mako biyu na tarar da takunkumin a ƙasan jaka, ko alamar an sa shi babu. Ya ce zafi yake sa shi, yana cin gemunsa, kuma ai don hayaƙi aka ba su, hayaƙin ya tafi. Na ce, "Ai gara ka huta da shi." Na wanke shi tas na rataye a ƙusar bayan ƙofa.

Akwai maƙwabciyata a gidan da muke haya, 'yar Filato ce, Kirista, tana aikin shara a wata ma'aikata a cikin Abuja. Muna shiri sosai, 'ya'yanta a ɗakina suke yini in ta tafi aiki. Wata Asabar ta fito shanya ta same ni ina kakkaɓe kayan a tsakar gida, ƙura ta yi mini fari a gira.

Ta ce, "Maman yara, ki bar kakkaɓe wannan abu a bushe. Wannan ƙura ba shi da kyau."

Na ce, "Ai wannan mai tsabta ce, ba irin ta da ba. Sola suke aiki da ita yanzu."

"Sola ne yana shiga hancinsa?" Ta ajiye bokiti. "Babana ya yi aikin fasa dutse a Jos. Haka yana dawowa fari kamar fatalwa. Kafin ya mutu, daga ɗaki zuwa bayan gida sai ya huta a hanya."

Na yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, na ce Allah ya kiyaye. A raina kuwa cewa nake, wannan zamanin da ne, ita ba ta san bambanci ba. Ni da na yi sakandare, na zana hayaƙin masana'anta a littafi na ci maki, ni za a koya wa gurɓatar iska? Abin da na sani shi ne datti baƙi ne. Duk rayuwata abin da nake kora daga tukunya da riga da bango baƙi ne. Fari kuwa shi ne inda nake son wanki ya kai.

Duk da haka maganarta ta ɗan tsaya mini, sai na nemi abin yi. Ma'aikatan wurin suna da wata al'ada, in an tashi aiki kowa ya sha madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Na riƙe wannan da hannu biyu. Duk Juma'a kafin ya cire takalmi na miƙa masa kofi cike, in zai koma na jera masa gwangwanaye a jaka.

Yakan ce, "Ke so kike ki mayar da ni jariri."

In ce, "Sha dai, jaririn gemu."

Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Faifan da za a ƙaro ba su iso ba, kullum ana cewa suna hanya. Kuma gaskiya lokacin daɗi ne a gidanmu. Mun sayi firji, yara sun koma makaranta mai kyau, na daina jin kunyar zuwa biki. Tarin da ya fara yi busasshe ne, ba majina, ba zazzaɓi. Muka ce sanyi ne. Na dafa citta da kanumfari, na ƙara yawan madara.

A kan gadar masu tafiya da ƙafa ta Mararaba na fara tsorata. Mun je sayayya, muna hawa, sai na waiwaya ban gan shi a bayana ba. Yana tsakiyar matakala ya riƙe ƙarfe, bakinsa a buɗe, mutane suna ratsa shi. Mutumin da yake ɗaukar buhun shinkafa daga bakin titi har ɗaki. Da na sauko ya ce takalminsa ne ya matse shi. Na kalli takalmin, silifa ne. 

Wata guda bayan nan, yaran gida suka shigo suka ce Baba yana zaune a ƙofar gida. Na fita na same shi a kan dakali, jakar a ƙasa. Daga inda mota ta sauke shi zuwa nan, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, ita ce ta gama da shi. Ran Litinin bai koma daji ba, asibiti muka nufa cikin gari.

Da farko tarin fuka aka zata. Aka gwada, babu. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka sake ɗaukar wani. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana kallon hoton kafin ta tambaye shi aikinsa. Ya faɗa mata, har da ɗan alfaharin nan na sola.

Ta ce, "Ana jiƙa dutsen in ana niƙawa?"

Ya ce, "Da ana jiƙawa."

"Takunkumi fa?"

Ni na amsa. Na ce, "Yana gida, likita. Ni na rataye shi."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta juyo da hoton ta nuna mana wasu fararen ɗige-ɗige da suka cika sama da huhun biyu. Ta ce dutsen da ake samun litiyam a cikinsa yana haɗe da wani farin dutse mai ƙarfi, in an niƙa shi a bushe garinsa kamar garin gilashi yake, ya fi abin da ido ke gani ƙanƙanta. In ya shiga huhu sai ya zauna, naman wurin ya yi tabo ya taurare. Ta ce hayaƙin dizal ma cuta ne, cire shi da aka yi daidai ne. Ruwan nan da ake fesawa shi ne bai kamata a tsayar ba ko na yini ɗaya.

Na ce, "To wane magani zai fitar da ita?"

Ta ce ba ta fita. Za a ba shi abin da zai sauƙaƙa numfashi, a kiyaye shi daga tarin fuka, kuma kada ya sake kusantar ƙurar. Iyakar abin da za a iya ke nan.

Ban san lokacin da na ce, "Amma yana shan madara, likita. Kullum."

Ta dube ni da tausayi. Ta ce, "Hajiya, madara ciki take tafiya. Ƙura huhu take tafiya. Hanyarsu ba ɗaya ba ce."

Na san wannan. A aji uku aka koya mana, na zana maƙogwaro da hanyoyinsa biyu da jan biro da shuɗi. Shekara biyu ina tsaye a kansa da kofi, ban tuna ba ko sau ɗaya.

Ta tambayi wanda yake wanke kayan, da inda ake kakkaɓewa. Da na faɗa mata, ta sa aka ɗauki hotona da na yaran, har da na 'ya'yan maƙwabciyata da suke yini a wurina. Kwanakin jiran sakamakon nan ba na son tuna su. Allah ya rufa asiri, babu abin da aka gani. Da na je gaya wa uwarsu, na shirya jin "ai na faɗa miki". Ba ta faɗa ba. Ta riƙe hannuna muka zauna a bakin ƙofarta, ita tana addu'arta ina tawa.

A motar dawowa daga asibiti, ranar da likita ta nuna mana hoton huhunsa, ya lura ina kuka a cikin hijabi. Ya matso ya ce a hankali, "Ba ke kika cire mini takunkumin ba. Ni na cire." Na san don ya sauƙaƙa mini ya faɗa. Na kuma san da na ce masa ya mayar, da ya mayar, don bai taɓa ƙin maganata a kan abin da ya shafi lafiya ba. Ni ce mai sakandare.

Su uku ne a bakin injin. Ɗaya ya rasu da damina ta zagayo, ya bar mata da goyo. Ɗayan ya koma garinsu, ba mu sake jin labarinsa ba. Daga baya muka ji an kawo faifan, famfo ya tashi, ana fesa ruwa. Na yi wa waɗanda suke wurin yanzu murna, da gaske nake. Amma ranar ban iya cin abinci ba.

Ba na gaba da sola, kada a fahimce ni a karkace. In na ji ana maganar makamashi mai tsabta a rediyo ba na kashewa, na san duniya tana bukatarsa, mu ma da zafin Masaka ke gasawa muna bukata. Kalmar ce dai ta daina shigata kai tsaye. Ogansu da ya ce tsabta, sararin sama yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba. Ni da na ji, sai na kai ta bahon wankina, na haɗa da tsarkin da malama ta tabbatar mini, na ɗaure su wuri guda na kwanta a kai. A cikinmu babu wanda ya tsaya ya tambaya ko mai tsabtar nan tana da lafiya a shaƙa. Wadda ta tambaya kuwa na yi mata kallon marar karatu. Yanzu in aka ce mini abu mai tsabta ne, nakan tambayi wanda yake tsaye a inda ake yin sa, da abin da yake shiga hancinsa. In mijinki ko ɗan'uwanki yana irin wannan aiki, ki tambaye shi ruwa, ki tambaye shi takunkumi, ki jiƙa kayansa kafin ki taɓa.

Maigidana yana nan da ransa, alhamdulillahi. Yana zama a shagon ƙaninsa a bakin kasuwa, aikin da ba ya bukatar tashi. Masallacin unguwarmu ya yi masa nisa yanzu, sai Juma'a ake kai shi a babur. Sauran salloli a ɗaki yake ja mana, ni da yara a bayansa. Numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen aya mai tsawo, sai ya yanke a tsakiya ya nemi iska. Da farko ƙaramar 'yarmu takan ɗauka mantuwa ya yi, ta ɗora masa. Na hana ta. Jiya a Magariba sau huɗu ya tsaya kafin ya kai ƙarshen Fatiha, muna tsaye muna jin yadda iskar ke shiga da ƙyar. Muka jira shi har ya kai, muka ce amin.